Wa ya taɓa shiga gandun dajin Nairobi? Yini ɗaya tal nake da shi

Bafagge_77

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Kenya. Ofis za su tura ni Nairobi wani taron bita na kwana 4 a unguwar Gigiri cikin watan Yuli in Allah ya kai mu, ana gamawa ranar Juma'a da yamma, jirgina kuma sai Asabar da daddare, kenan ina da yinin Asabar guda ba abin da zan yi. Wani abokin aikina ya ce min wai akwai gandun daji a bakin garin, ka ga zaki ka ga karkanda kana kuma hango dogayen benaye a bayansu. Ni dai gaskiya na ɗauka zuƙi ta malle ce irin tasa, don mutumin in ya fara labari sai ka riƙe hularka. To in gaskiya ne, daji ne na sosai ko kuwa gidan zu ne aka faɗaɗa? Don in keji zan je kallo to na Kano ma ya ishe ni, tun muna firamare ake kai mu. Sannan ya ake zuwa, ƙarfe nawa ya kamata, kuma kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa? Kuɗin guzurin da aka ba ni ba wani kauri ne da shi ba, ga uwargida ta riga ta rubuto min jerin tsaraba. Ina kuma son ganin giwa ido da ido, ban taɓa gani ba sai a talabijin.

Malam_SouthC

Wa alaikumus salam Bafagge. Wannan karon abokin naka bai ƙara gishiri ba, ka nemi afuwarsa. Ni shekarata ta 5 kenan a garin nan, unguwar da nake ma ba ta da nisa da shingen gandun, kuma duk baƙon da ya zo min daga gida can nake kai shi, har direbobin wurin sun fara gane fuskata.

Daji ne na gaske ba zu ba. Faɗinsa murabba'in kilomita 117, tun 1946 aka keɓe shi lokacin Turawan mulkin mallaka, shi ne ma gandun ƙasa na farko a Kenya. Daga tsakiyar gari zuwa bakinsa bai fi kilomita 7 ba. Abin da ya faru shi ne lokacin da aka keɓe shi Nairobi ƙaramin gari ne, daga baya gari ya yi ta girma ya zo ya rungume shi. An sa shingen waya mai lantarki ta ɓangare uku, wato inda yake kallon gari, amma kudancinsa a buɗe yake, kogin Mbagathi ne kawai iyaka, ta nan dabbobi ke fita filayen Kitengela su dawo. Ba mai ba su abinci, zaki shi yake farautar abinsa, don haka ba wanda zai maka alkawarin za ka gan shi, rabo ne.

Maganar giwa kuwa tun yanzu ka cire rai, babu giwa a cikin dajin, wurin ya yi musu kaɗan. Amma akwai zaki, ɓauna garke garke, raƙumin dawa, jakin dawa, barewa iri iri, kanki, mugun dawa, jimina, kura, dila, dorina da kada a madatsun ruwa, tsuntsaye kam sama da iri 400. Damisa tana nan amma ganinta sai mai babban rabo, ni duk zuwan da nake sau ɗaya na ga jelarta kawai tana shigewa duhuwa. Abin da wurin ya fi suna a kai shi ne karkanda, musamman baƙa wadda ta kusa ƙarewa a duniya saboda masu farautar ƙahonta. Akwai mutanen da za su je babban gandun Masai Mara su kwana 3 ba su ga karkanda ba, a nan kuwa da wuya ka fita ba ka ga ko ɗaya ba. Baƙa da fara duk launinsu ɗaya ne fa, toka toka, kar sunan ya ruɗe ka. Baki za ka duba, fara bakinta mai faɗi ne tana kiwon ciyawa kanta a ƙasa kamar saniya, baƙa kuma leɓenta mai tsini ne ganyen itace take tsinka kuma ta fi zafin rai.

Yanzu ga abu mafi muhimmanci, in ka manta duk abin da na rubuta kar ka manta wannan: sammako. Ana buɗe ƙofa ƙarfe 6 na safe, to 6 ɗin ta same ka a bakin ƙofa. Ka yi sallar asuba a otal ka fito, daga Gigiri a wannan lokacin titi fayau ne ba za ka wuce minti 40 ba, amma in ka bari gari ya waye goslo ɗin Nairobi sai ya sa ka tuna Legas. Babbar ƙofa tana kan titin Langata, nan hedikwatar hukumar namun dajin take, KWS. Zaki da safe yake yawo, rana na ɗagawa ya nemi inuwa ya kwanta cikin ciyawa, launinsa kuma ɗaya da busasshiyar ciyawar, sai ka wuce ta gabansa ba ka sani ba.

Mota kuma kar ka ce za ka shiga da tasi. An yarda ƙaramar mota ta shiga amma kana ƙasa ba abin da za ka hango sai ciyawa. Ka nemi irin motocin nan masu rufin da ake ɗagawa ka miƙe tsaye a ciki, direbobinsu suna da rediyon oba oba, da ɗaya ya ga zaki zai sanar da sauran. In ka samu mutum 3 ko 4 a wajen taron naku kuka haɗa kuɗi abin zai zo da sauƙi sosai, ka fara yi musu tayi tun ranar farko. Kuɗin shiga ba a karɓar tsaba, ta shafin gwamnati na eCitizen ake biya da kati ko M-Pesa (tura kuɗi ta waya), gara ka biya tun dare kar ka tsaya fama da netwok a bakin ƙofa wasu na shigewa. Shekarun baya dala 43 baƙo ke biya, an yi ta maganar ƙari daga baya, ka duba shafin KWS ana gobe za ka je, ka kuma riƙe fasfonka a aljihu don da shi ake tantance rukunin da za ka biya.

Sarkin_Yawo

Ni fa ban yarda da wannan zuzutawar ba. Naje wurin nan shekara biyu da suka wuce kuma har yau in na tuna kudina sai raina ya baci. Awa uku muna zagaye ba zaki ba dalilinsa, sai jakin dawa da barewa kamar a kasuwar dabbobi ta Wudil, ga jirage sai wucewa suke ta samanmu daya bayan daya, ga wata doguwar gadar jirgin kasa ta ratsa tsakiyar dajin, ka daga waya zakayi hoto sai ga falwayar lantarki a ciki. Wannan shine daji? karshe ma motar tamu ta kafe a tabo saida wasu suka zo suka jamu, wandona fari tas ya koma kalar kunun kanwa. Malam in daji kakeso ga Yankari nan a Bauchi, ya ninka wannan wajen sau 19 a fadi, akwai giwa, ka gama yawonka ka fada ruwan Wikki mai dumi kayi wanka, da naira zaka biya ba dala ba. Mu dai bamu daraja namu sai na wasu.

Malam_SouthC

Sarkin Yawo ranka ya daɗe, tambaya biyu kawai, wane wata ka je kuma ƙarfe nawa ka shiga?

Sarkin_Yawo

Afrilu ne. mun shiga wajen sha daya da rabi haka, saida muka karya tukuna. motar wani dan uwa ce karama

Malam_SouthC

To ai ka ga inda gizo ke saƙar. Afrilu tsakiyar babbar daminarsu ce, daga Maris zuwa Mayu, ciyawa ta yi tsawo, ƙasar wurin kuma baƙar laka ce mai danƙo irin ta fadama, ruwa na taɓa ta ta zama tarko. Sannan dabbobin da yawa in ruwa ya sauka ficewa suke ta kudu saboda ko'ina akwai kiwo, sai rani su dawo don madatsun ruwan da ke cikin gandun. Ka zo da damina, da rana tsaka, a ƙaramar mota, Yallaɓai ai zakin ma da ya gan ka sai ya tausaya maka. Shi Bafagge a Yuli zai zo, lokacin an shiga rani, ya dace.

Maganar jirage da gada kuwa gaskiyarka ce ban musa ba. Filin jirgin Wilson yana manne da gandun, babban filin Jomo Kenyatta ma ba nisa. Gadar kuma ta sabon layin dogo ce da ya tashi daga Nairobi ya nufi wajen Naivasha, an buɗe shi 2019, an ɗora shi kan ginshiƙai dogaye kusan kilomita 6 a cikin dajin don dabbobi su riƙa wucewa ta ƙasa. An sha rigima kafin a yi, masu kare muhalli har kotu suka je, amma aka yi. Ni kaina ba na son ganinta. Sai dai ni abin da kai ya ɓata maka rai shi ne yake burge ni, ka ga raƙumin dawa yana taunar ƙaya hankali kwance, bayansa benayen unguwar Upper Hill, mutum sama da miliyan 4 na can suna neman na tuwo shi ko a jikinsa. Ina kuma za ka ga wannan?

Yankari kuwa ba wanda ya raina ta, na je sau biyu, Wikki ba ta da na biyu. Amma mutumin nan Nairobi za a kai shi a jirgin ofis, ba zaɓi aka ba shi tsakanin Bauchi da Kenya ba. Kuma karkanda dai babu ita a Yankari.

Maman_Afnan

Sallama gare ku. Yaya Bafagge kar ka cire rai da giwa gaba ɗaya, Malam ya manta bai faɗa maka gidan marayun giwaye ba. A gefen gandun yake ta titin Magadi, na gidauniyar Sheldrick, wata mata ce Daphne Sheldrick ta kafa a 1977 don tunawa da mijinta. 'Ya'yan giwa ne waɗanda aka kashe iyayensu ko suka faɗa rijiya ko fari ya raba su da garke, ake kawo su ana raino. Awa ɗaya kacal ake bari a gan su a yini, 11 zuwa 12 na rana, kuma dole sai ka kama gurbi ta intanet tun da wuri, ba a zuwa kai tsaye, mu sai da muka yi kusan wata guda kafin tafiyar muka kama namu. To ka ga lissafin ya fita, ka shiga daji 6, ka fito wajen 10 da rabi, ka wuce can.

Wallahi ni na je ne don yara amma na fi su kuka. Za ka ga sun fito a guje daga cikin itatuwa kamar 'yan makaranta an tashi tara, kowa ya nufi mai riƙe da bulumbotinsa, wata ƙatuwar kwalbar madara, wasu ma da hancinsu suke riƙewa su shanye da kansu. Duk awa 3 ake ba su madara dare da rana, masu kula da su a ɗaki ɗaya suke kwana da su, ƙananan har bargo ake lulluɓa musu saboda sanyi. In sun kai kamar shekara 3 sai a kai su gandun Tsavo a fara saba musu da daji har su bi garke. Mai bayanin yana faɗar sunan kowanne da inda aka tsinto shi. Kar ka sa fararen kaya, wanka suke da jar laka kuma ba ruwansu da shaddarka, wata 'yar ƙarama ta goga min jikinta a mayafi har yau jan bai gama fita ba.

Sai sanyi. Don Allah kar ka ce ai Afirka ce, Nairobi a kan tudu take wajen mita 1,700, kuma Yuli shi ne watan da ya fi sanyi a wurinsu. Ƙarfe 6 na safe a motar da rufinta ke buɗe iska na dukan ka, sanyin Jos wasa ne. Ka tafi da suwaita mai kauri da hular sanyi. Maigidana ya ce shi Bakatsine ne ya saba da hunturu, ƙarshe da zanin goyon Afnan ya lulluɓe, ina da hoton ina ajiye da shi saboda ranar rigima.

Abu na ƙarshe leda. An hana leda a Kenya tun 2017 kuma da gaske suke, akwai tara mai nauyi, don haka in za a ɗaure maka kilishi ko yaji a sa a takarda ko roba mai murfi. A cikin gandun ma tun 2020 an hana shiga da robar ruwa irin ta sha ka yar, ka nemi gora ko fulas. In da sauran lokaci akwai wurin raƙuman dawa a Langata ba nisa, kana tsaye a kan dakali kana ba su abinci a hannu, harshensu baƙi dogo ga yawu, yara dai sun ji daɗi ni kam na koma gefe.

Dan_Maradi

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ban taɓa zuwa Kenya ba amma zancen raƙumin dawa ya sa na kasa yin shiru. Mu ma nan Nijar muna da su a Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai bisa hanyar Doso, kuma irin namu daban ne, sun fi haske, su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. Wajen 1996 sun koma kamar 50 kawai, aka tashi tsaye yanzu sun haura 600, har a 2018 an ɗebi 8 an kai Gadabeji nan jiharmu. Namu babu shinge ko ɗaya, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin wake manoma na ƙorafi. Abin da nike so in tambayi Malam, ku da zaki ke gareku kusa da gari haka kuma kun ce gefe guda buɗe yake, ba ya fitowa ya shiga unguwa? Don raƙumin dawa in ya ci maka wake ka yi haƙuri, zaki fa?

Malam_SouthC

Yana fitowa mana Ɗan Maraɗi. 2016 ce shekarar da ba a mantawa, a Fabrairu wasu zakuna suka fita suka shiga wajen Langata, aka yi ta sanarwa mutane su kula da yara. A Maris wani ya fito titin Mombasa da safe ana tsaka da goslo, mutane suka yi ta danna masa hon suna ɗaukar hoto har ya fusata ya raunata wani dattijo. Ƙarshen watan kuma wani sanannen zaki da ake kira Mohawk ya fita ta kudu har Isinya, jama'a suka kewaye shi, ya kai wa wani mai babur hari, ma'aikata suka harbe shi. Mutanen Nairobi sun ji zafin kashe shi sosai.

Amma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu Masai ne makiyaya na Kitengela, su ne Fulanin nan wurin, saniya ita ce komai nasu. Zaki ya fito da dare ya faɗa garke, su kuma su ɗau mashi su rama, an yi asarar zakuna da yawa a haka. A nan ne wani yaro Richard Turere, yana ɗan shekara 11 yana tsaron shanun babansa, ya lura in yana zagaya garken da tocila zaki ba ya matsowa. Sai ya haɗa batirin mota da fitilu da ɗan abin siginar babur ya jera su a shinge suna kunnuwa suna mutuwa bi da bi, zaki ya ɗauka mutum ne ke yawo. Abin ya yi aiki har maƙwabta suka ce a yi musu, yanzu ya bazu wurare da dama, a 2013 har Amurka aka kai shi ya yi bayani a babban taron jawabai na TED.

Babbar matsalar dai ba zakin ba ce, filin kudun ne ke ƙarewa. Da can dubban dabbobi ke shiga da fita ta nan duk shekara, yanzu an yanka filayen fuloti fuloti, kowa ya saya ya kewaye, Kitengela da Ongata Rongai sun zama garuruwa, ga masana'antu a Athi River. Kamar dai yadda burtali ya ɓace mana a gida aka noma shi aka gine, haka hanyar dabbobin nan take tsukewa. Shi ya sa ake ta jayayya, wasu na cewa a rufe kudun da shinge kowa ya huta, wasu na cewa ranar da aka rufe to ya zama zu ɗin da Bafagge ke gudu, sai dai babba.

Sarkin_Yawo

to naji na karba, lokaci ne ban iya zaba ba. amma wuri daya da ya burgeni a ciki shine inda aka kona hauren giwa, nan ne ma aka barmu muka sauko daga mota. tokar tana nan a tare har yanzu. Bafagge in kaje ka tsaya a wurin

Malam_SouthC

Ƙwarai, ba nisa da babbar ƙofa. Shugaban Kenya na lokacin, Moi, ne ya cinna wa tan 12 na haure wuta a 1989 don duniya ta san Kenya ba ta son cinikin, a shekarar kuma aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. A 2016 Uhuru Kenyatta ya ƙona tan 105. Wurare kaɗan ne irin wannan ake sauka, akwai kuma wajen tafkin dorina inda ake ɗan takawa a ƙasa tare da ma'aikaci mai bindiga. Ban da su ko fitsari ya matse ka kar ka buɗe ƙofa. In kun tsaya cin abinci ka kula da gwaggon biri, ɓarayi ne na ƙin ƙarawa, 'yan uwan na Yankari ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Na tuna wani abu da ya taɓa cin wani baƙona. In za ka yi alkawari da direba ka tabbatar da wane agogo kuke magana, su a Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne "saa moja" wato ƙarfe ɗaya, 6 na safe kuma sha biyu suke ce mata. Ka rubuta masa a WhatsApp da lamba ka ce 5:15 na asuba agogon Turawa. Safiya ma "asubuhi" suke ce mata, za ka yi ta jin kalmominmu a bakinsu saboda Larabci, Alhamisi, dunia, sabuni, hatari. Jakin dawa ma "punda milia" suke ce masa, jaki mai zane, ka ga tunaninmu ya zo ɗaya. Sannan suna gabanmu da awa 2, ka gyara agogonka tun a jirgi.

Abinci ba matsala, in kun fito ka ce a kawo ka unguwar South C, masallatai da gidajen abinci na halal ko'ina, ka yi azahar ka ci filau ko gasasshen naman akuya da ugali, tuwon masara ne amma ya fi namu tauri kuma ba miyar kuka sai wani ganye sukuma. Tsarabar uwargida kuma Eastleigh, unguwar Somaliyawa, abaya da turare da mayafai sai ka gaji, sai dai ranar Asabar cunkoso ne sosai, ka bar can da wuri. Katin rigakafin shawara kar ka baro shi a gida, ana tambaya.

Bafagge_77

Jama'a na dawo lafiya tun shekaranjiya, na ce bari in zo in sauke nauyi. Malam SouthC Allah ya saka da alheri, Hajiya Maman Afnan Allah ya raya zuri'a, duk abin da kuka faɗa haka na tarar.

Mu huɗu muka haɗa kuɗin mota, ni da wani ɗan Gana da wasu mata biyu 'yan Malawi. Shida saura muna bakin ƙofa, motoci kamar 10 ne a gabanmu. Sanyi kam Hajiya kin yi gaskiya, suwaita biyu na sa amma haƙorana na haɗuwa. Ba mu yi minti 20 ba muka ci karo da karkanda uwa da ɗanta suna tsallaka hanya, direba ya kashe mota muka yi tsit har numfashinta muna ji, ban san haka take da girma ba wallahi, sai ka ce an ɗora wa ƙaramar mota ƙafafu. Ɓauna kuwa kallon da suke maka kamar ka ci musu bashi. Wajen 8 saura rediyo ta fara surutu, direba ya juya a guje, muka tarar da zakanya biyu kwance a kan wani tudu da ragowar jakin dawa a gefensu, ungulaye na jira a bishiya, dila na ta kewaye yana neman sa'a. Namiji mai geza dai ban gani ba. Motoci sun taru sun kai 15 a wurin, wannan ne kawai bai min daɗi ba, kowa na turo hancin motarsa, su kuwa ko ɗaga kai ba su yi ba.

Sarkin Yawo na tsaya wajen tokar hauren kamar yadda ka ce, gadar jirgin ma na gan ta, muna ƙarƙashinta ma jirgin ya wuce, raƙuman dawa na gefe ba wanda ya motsa.

Giwa ce dai ban samu ba, laifina ne, na yi ta cewa gobe gobe sai ana saura kwana 5 na shiga kama gurbi na tarar Asabar ɗin ta cika. Na wuce wajen raƙuman dawan a maimakon haka, ɗaya ya lashe min hannu har agogo. Eastleigh kuma ta cinye sauran guzurin tas, da ƙyar na tsira da kuɗin tasi zuwa filin jirgi. Maman Afnan don Allah in an sake tura ni, wata nawa kafin tafiya kike ganin ya kamata in kama gurbin?

Maman_Afnan

Ranar da aka ba ka takardar tafiya a ofis, a ranar, kafin ma ka gaya wa uwargida ta fara rubuta jerin tsaraba.